Ƙauyen da Za a Kai Tokar Jaggi

Gafoor Jhumman ya shekara arba'in da wani abu yana gyaran sikeli a kasuwar Verulam, har ta kai in ya hango mutum daga nesa yakan ƙiyasta nauyinsa a zuci kafin ya tuna sunansa. Ranar da aka sallamo Jaggi Sukhai daga asibiti, Gafoor ya shiga ɗakinsa, ya dube shi a kwance, ya ba shi kilo arba'in da bakwai. Bara warhaka saba'in ne.

"Ka gama auna ni?" in ji Jaggi. "To zauna, tsohon ɓarawon kasuwa."

"Na zo in ga ko ka tafi ne, in gaji sandar kamun kifinka."

"Kai da ko tsutsa ba ka iya sa wa ƙugiya? Kowsilla, kawo wa mai cin saniyar nan shayi, kada ya ce mun yi masa rowa."

Gafoor Musulmi ne, Jaggi kuwa Hindu, amma 'yan'uwan jirgi ne. Kakanninsu, Jhumman da Sukhai, jirgi ɗaya ya kwaso su daga Kalkata zuwa gonakin raken Natal, kuma wanda jirgi ya haɗa ka da shi ya zama ɗan'uwanka, shi da duk abin da ya haifa. Ba a aure tsakanin gidajen biyu. In an yi rasuwa a ɗaya, ɗayan ke dafa abinci ya kawo, har a tashi daga makoki. Daga Gafoor har Jaggi babu wanda ya tashi ya tarar da kakansa da rai, amma kowa ya haddace labarin: samari biyu majiya ƙarfi, bargo ɗaya, kwano ɗaya, kuma ranar da guguwa ta taso teku ta wanke benen jirgin, Jhumman ya riƙe igiya da hannu ɗaya, ya riƙe Sukhai da ɗayan. A gidan su Jaggi, Sukhai ne ya riƙe igiyar.

Da Kowsilla, matar Jaggi, ta ajiye shayi ta fita, sai Jaggi ya faɗi abin da ya sa ya aika a kira Gafoor. Likita ya ce ba zai ga mangwaron bana ya nuna ba. Ɗansa Vinesh, da ke haɗa magunguna a Auckland, ya yi alkawari in an ƙone gawarsa zai ɗauki tokar ya kai Indiya, ya zuba a ruwan ƙauyen da Sukhai ya fito, in dai an samo sunan ƙauyen. In ba a samo ba, sai a bakin kogin Umgeni, kamar kowa.

"Ni ba na son Umgeni," in ji Jaggi. "Na san abin da ake zubawa a cikinsa. Ni ma na zuba."

"Ina takardar kakanka?"

"Ambaliyar shekarar tamanin da bakwai ta tafi da ita, tare da kabad ɗin da awaki biyu. Kai ma ka sani, kana tsaye a kan tudu kana kallo."

"Ina riƙe da kajinka."

"Taka takardar tana nan?"

Tana nan. Tana cikin gwangwanin biskit, a ninke huɗu, ta yi laushi kamar tsumma. Takardar izinin yawo ce da aka ba Jhumman ya riƙa nunawa in ɗan sanda ya tare shi. Babu shekaru a jiki, babu ƙauye, sai suna, da sunan jirgi, Umkomba, da lamba: 31742.

Lissafin Jaggi mai sauƙi ne, kuma duk wanda ya tashi a Verulam haka zai lissafa. Lambobin nan a jere aka bayar, jirgi bayan jirgi, mutum bayan mutum. Waɗanda suka kwana a bargo ɗaya ai layi ɗaya suka tsaya. A nemo lambar Jhumman a babban littafi, a duba sama da ita ko ƙasa da ita, Sukhai yana nan, da ƙauyensa a gefe.

"Aikin rabin yini ne," in ji Jaggi. "Ko kai za ka iya."

Ranar Talata da safe Gafoor ya sa kwat ɗinsa ta zuwa ɗaurin aure, ya hau bas zuwa Durban. Ana ƙona rake a lokacin, tokarsa na sauka a kan tagogi baƙa-baƙa, siririya kamar gashin tsuntsu. Wata mata a kusa da shi ta riƙe agogon bango a cinya har suka isa, kuma agogon yana tafiya daidai.

Gidan ajiyar tsofaffin takardu yana hawa na uku, a wani gini da ke warin man goge ƙasa. Ɗakin karatun sanyi ƙalau, tebur shida, mutum biyu. Mai kula da wurin wata mace ce mai ƙiba da tabarau a rataye a wuya, Misis Zondi. Ta karɓi takardar da yatsu biyu, ta dubi lambar.

"Shekarar 1884," ta ce, ba ta ko buɗe komai ba. "Baba, waye wannan?"

Ya faɗa mata. Da yake ta tsaya tana saurare, sai ya ƙara da bargon, da kwanon, da guguwar, da igiyar.

Ta ba shi safar hannu fara, ta turo littafin a kan keken ƙarfe. Littafi ne da sai mutum ya miƙe tsaye zai juya shafinsa. Kowane layi mutum ɗaya: lamba, suna, sunan uba, shekaru, tsayi, dangi, ƙauye, gunduma, alamar jiki, da gonar da aka tura shi. Gafoor bai wuce aji biyar ba a makaranta, yana karatu ne da yatsa da leɓe, kuma tun a shafin farko layin alamar jiki ya ɗauke masa hankali. Tabo a gwiwar hagu. Zanzana. Tawadar Allah a bayan kunne. Yatsa shida a ƙafar dama. Wani an rubuta masa "haƙori ɗaya baƙi", ba a ce na sama ko na ƙasa ba. Ya yi ta tunanin magatakardan da ya yini yana leƙa bayan kunnuwan mutane, ko da ya koma gida yakan leƙa na matarsa.

Ya kusa awa guda kafin ya tuna abin da ya kawo shi.

31740, Karim Baksh, shekara ashirin da shida, tabon ƙuna a kafaɗa. 31741, Nasiban, matarsa, shekara ashirin, babu alama. Dukansu daga ƙauyen Barhauli, gundumar Basti. 31742, Jhumman, ɗansu. A gurbin tsayi an ja layi. A gurbin shekaru an rubuta wata biyar.

Gafoor ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Wata biyar ɗin na nan. Ya ɗaga hannu, Misis Zondi ta zo ta sunkuya.

"Baba," ta ce, tana danne dariya, "wannan ne ya riƙe igiyar?"

"Wataƙila yana da ƙarfin hannu."

Ya duba sama. Wani Ramdin, wani Bhola, wata Parbatia da 'ya'ya biyu. Ya duba ƙasa. Babu Sukhai. Ya koma farkon jirgin ya bi suna bayan suna, mutum ɗari huɗu da goma sha ɗaya, har inda aka ja layi biyu aka rufe lissafi. Wasu sunayen an soke su da jar tawada. Da rana ya sauka ya ci rarakakken burodi da miyar wake a tsaye, ya yi azahar a masallacin kusa da kasuwa, ya dawo ya sake bi daga ƙarshe zuwa farko, ko idonsa ne ya tsallake. Babu Sukhai a jirgin Umkomba, babba ko ƙarami.

Kafin a rufe, ya kwafi Barhauli da Basti a bayan tikitin bas. Ba don yana bukata ba. Shi inda ya mutu nan za a binne shi, kuma ya riga ya san gurbin, kusa da katanga, inda ake jin ƙarar jirgin ƙasa.

Ranar bai biya ta gidan Jaggi ba. Ya bi ta bayan layi, ta wajen masu sayar da kaji.

Washegari ya koma, don bai san inda zai nufa ba in ba can ba. Misis Zondi ta gan shi ya zauna ya buɗe shafin jiya, yana kallonsa kamar mai jiran wani abu ya tsiro.

"Har yanzu?"

"'Yata, ko dai jirgi biyu ne masu suna ɗaya?"

"Ya yi sawu da yawa, amma lambarka ta wannan sawun ce. Ka juya bayan shafin ƙarshe?"

"An ja layi. An rufe."

"An rufe a Kalkata. Wannan lissafin waɗanda suka hau ne. Ba kullum yake daidai da waɗanda suka sauka ba."

Ta juya shafin da kanta. A bayansa akwai layi uku da wani rubutun hannu daban, tawadar ta fi duhu. An rubuta su ne a Durban, ranar da jirgin ya iso. Biyu mata. Na ukun, 32053, Sukhai, namiji, kwana goma sha tara. Sunan uba, layi. Gunduma, layi. A gurbin ƙauye an rubuta: a teku.

Gafoor ya daɗe yana kallon kalmar. Can ya ce, "Ai yana da uwa."

"Kowa yana da ita. Jira."

Ta dawo da wani siririn fayil ɗaure da zare. Rahoton likitan jirgi ne. Kowane jirgi da likitansa, kuma dole ya rubuta abin da ya faru kullum, ya miƙa in an sauka. Wannan likitan mutum ne mai son rubutu. Ya rubuta tumaki nawa aka yanka da ranar da ruwan lemon tsami ya ƙare. Ya rubuta cewa wani mutum ya ƙi cin abinci kwana huɗu don ba shi da tabbacin wanda ya taɓa tukunyar, rana ta biyar ya ci ya nemi ƙari. Ya rubuta cewa ganga ɗaya tilo da ke jirgin ta faɗa ruwa, aka yi ta kallonta tana bin su a baya har la'asar. Gafoor ya so ya tsaya a kan gangar, amma Misis Zondi ta sa yatsa ta gangara ƙasa, tana karanta masa a hankali.

Rana ta ashirin da uku, an haifi yaro. Uwar, lamba 31905, Jhunia. Rana ta ashirin da biyar, uwar ta rasu da zazzaɓi, an sa ta a ruwa da hantsi. An miƙa yaron ga lamba 31741, Nasiban, wadda ke da goyo, an ƙara mata madarar gwangwani a rabonta. Yaro yana kama nono sosai. A gefen ranar haihuwar akwai lambobi biyu masu ɗigo a ka, inda jirgin yake a ranar.

Game da guguwa kuwa, likitan ya ce tafiya ce lafiya lau, ban da ruwan sama kwana biyu.

Suka koma babban littafi suka nemo 31905. Gafoor ya gane layin, jiya ya wuce ta kansa sau biyu. Jhunia, shekara goma sha tara, zane a hannu biyu daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ba miji. Jar tawada ta bi ta kan sunan. Ƙauye, layi. Gunduma, layi.

"Mantuwa ce magatakarda ya yi?"

"Ba na jin haka. Dubi na sama da na ƙasa, duk an cika. Matan da suka zo su kaɗai, Baba, da yawa gudowa suka yi. Wasu sukan faɗi ƙauyen ƙarya don kada a biyo su. Wannan shiru ta yi."

Ta ɗauko littafin taswira, ta bi lamba ɗaya daga gefe, ɗaya daga sama, yatsunta biyu suka haɗu a tsakiyar shuɗi. Babu ko tsibiri kusa. Gafoor ya kwafi lambobin a ƙarƙashin Barhauli, a bayan tikitin jiya, har da ɗigon. Ya cire safar hannu ya ninke, ya yi mata godiya.

"Na ɗan'uwanka ne?"

"Na ɗan'uwana ne."

A bas ya yi ta juya tikitin. Vinesh ba zai taɓa hawa bene na uku ya duba ba. In shi Gafoor ya ce Barhauli ne ƙauyen Sukhai, an gama: mutum biyu, ƙauye ɗaya, jirgi ɗaya, igiya ɗaya, Jaggi ya rufe ido da labarinsa cikakke. Gafoor ya san hanyoyi da yawa da ake sa sikeli ya faɗi abin da mai shi ke so, don shi ake kawo wa ya warware su, kuma ya san mai saye ba ya ganewa. Har bas ta wuce Phoenix yana kan wannan shawara. Daga nan ya ga wani mutum a bakin hanya yana aske wa doki gashin wuya da almakashin tela, ya bi shi da kallo har ya ɓace, da ya dawo kan tikitin sai ya tarar shawarar ba ta zauna ba.

Ya samu an fito da Jaggi baranda, an lulluɓe shi da bargo a hasken la'asar. Kowsilla na tsinke ganyen alayyafo a faranti.

"Jiya an gan ka ta wajen masu kaji," in ji Jaggi. "Aikin rabin yini."

Gafoor ya zauna ya faɗa masa duka, bi da bi, kamar yadda ya gani. Ya fara da wata biyar.

Jaggi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Kowsilla ta tashi ta riƙe masa kofi. Da ya samu numfashi ya ce, "Jarirai! Shekara saba'in ina musu da kai a kan wanda ya riƙe igiya, ashe ko wuyansu ba su iya riƙewa ba!"

"Babu ma guguwar."

"Ƙarya kake."

"Ruwan sama kwana biyu. Amma ganga ta faɗa ruwa."

"Wa ya tambaye ka ganga?" Ya share ido da gefen bargo. "To naka ya girmi nawa da wata biyar. Shi ya sa kuka fi mu jiki. Kafin namu ya zo, naku ya shanye nono mai kaurin."

"Likita ya rubuta naku yana kamawa sosai. Da hannunsa ya rubuta."

"Ai ka ji. Mu ba ma wasa da abinci."

Wani mai sayar da kifi ya wuce a mota yana busa ƙaho.

"Yaya ka ce sunanta?"

"Jhunia."

"Kuma ba ta faɗa ba."

"Ba ta faɗa ba."

"Bature na tsaye da alƙalami, ita da ciki, ta ƙi." Jaggi ya juya ya dubi matarsa. "Kin ji daga inda na samo taurin kai."

"Na daɗe da sanin daga wani wuri ne," in ji Kowsilla, ba ta ɗago ba.

Gafoor ya miƙa masa tikitin, ya nuna lambobin. Ya ce Misis Zondi ta nuna masa wurin, ruwa ne zalla. Ya ce shi a ganinsa teku ɗaya ce daga can har nan, in an ɗauki kwalekwale an ɗan yi nisa daga bakin Umgeni an zuba, to an kai shi garinsu, kuma Vinesh ya huta da doguwar tafiya.

"Teku? Ni?" in ji Jaggi. "Shekara hamsin ina cin kifinta. Jirana suke yi."

Ya kawo tikitin kusa da ido, ya nisantar, ya sake kawowa. "Wannan na sama fa? Bar me?"

"Barhauli. Namu ne. Na kwafa ne kawai."

"Na matar da ta shayar da shi?"

"Nata da mijinta."

"Akwai ruwa a can?"

"Ina zan sani? Sunan kawai aka rubuta."

"Duk inda mutane suka zauna akwai ruwa." Ya miƙa wa Kowsilla tikitin. "Ki kwafe wannan da kyau, da manyan baƙaƙe, ki aika wa yaron nan. Rubutun wannan mutumin kamar kaza ta taka tawada."

Kowsilla ta ajiye farantin. "Baban Vinesh, ƙauyen Musulmi ne fa, wataƙila. Me pandit, malaminmu, zai ce?"

"Pandit ya taɓa shayar da wani?"

Gafoor ya ce, "Ka yi tunani dai. Ba jininku ba ne."

"Kwana biyu kakana ya sha nonon uwarsa. Sauran duk na Barhauli ne. In ba don shi ba da wa za ka zauna kana yi wa ƙarya a barandar nan?" Ya ja bargo zuwa haɓa. "Kuma kai ba za ka je ba, kana nan kusa da katangarka. Gara wani daga cikinmu ya koma ya ce wa mutanen ƙauyen an isa lafiya."

Jaggi ya rasu a watan Agusta, ranar Laraba, ana cikin yankan rake. Vinesh ya zo ya yi abin da ɗa ke yi, ya koma da tokar a cikin jakar hannu. Sai a watan Disamba ya samu hutu ya tafi Indiya.

Wasiƙarsa ta iso Verulam bayan sabuwar shekara. Ya ce daga Basti awa biyu ne a mota, rabin hanyar ba kwalta. Akwai masallaci ƙarami da ɗakin bauta ƙarami, da injin niƙa a tsakaninsu. Ba wanda ya taɓa jin sunan Nasiban. Wani tsoho ya ce an yi wani Karim Baksh da ya tafi sayen bijimi bai dawo ba, amma wani tsohon ya ce wannan na ƙauyen gaba ne. Ruwan kuwa wani ɗan rafi ne a bayan gonaki, bai kai gwiwa ba. Da ya faɗa musu abin da ya kawo shi, sun yi shawara a tsakaninsu, suka ce babu laifi, amma ya dakata mata su gama wanki tukuna. Ya zauna a kan dutse ya jira kamar awa ɗaya da rabi, sannan ya naɗe wando ya shiga.